Injin Wanke-wanke: A Bi Hanyar Ruwa, a Gano Matsala

Injin wanke-wanke ba shi da soso, ba shi da yatsu. Abin da yake da shi ruwa ne kaɗan, da zafi, da sabulu, da ƙarfin fesawa. Tun injin da Josephine Cochrane ta yi wa rajista a Amurka a 1886 dabarar ke nan: ruwa mai ƙarfi ya yi ta bugun faranti har datti ya saki. Abin da masu injin da yawa ba su lura da shi ba shi ne ƙanƙantar ruwan. Injin zamani mai cin kayan mutum 12 zuwa 14 yakan gama aikinsa da lita 9 zuwa 12, kuma ba a lokaci guda yake shan su ba. Yakan ɗebi lita 3 ko 4 ya yi ta juya su. Famfon ciki ya tura ruwan sama, hannayen fesawa masu juyawa a ƙarƙashin kwanduna su fesa, ruwan ya gangaro ƙasa ya ratsa filta, famfo ya sake ɗauka. Sai ya gama wannan matakin sannan ya zubar ya ɗebi sabo.

Ke nan duk abin da ya shiga injin a jikin faranti yana cikin ruwan da ake wanke sauran farantai da shi, har sai filta ta riƙe shi. Idan filtar ta cika, ko ramukan fesawa sun toshe, ko maiƙo ya daskare a hanya, to ko wane irin sabulu mai tsada kuka saya an yi ba a yi ba ne. Na fi ƙarfafa wannan a kan komai, domin yawancin injinan da ake cewa sun tsufa ba tsufa suka yi ba, hanyar ruwansu ce ta cushe.

Filta

Ku zaro kwandon ƙasa gaba ɗaya ku ajiye gefe. A tsakiyar gindin injin, ƙarƙashin hannun fesawa, za ku ga wani abu mai siffar kofi da aka murɗa cikin wata shimfiɗaɗɗiyar raga. A yawancin injina filtar kashi uku ce. Akwai mai manyan ramuka a tsakiya, wadda ke tare ƙashi da tsinke da ƙwallon 'ya'yan itace. Akwai shimfiɗaɗɗiyar ragar ƙarfe da ke rufe gindin. Sai ta ukun, mai laushin saƙa ƙwarai, wadda ta kewaye ta tsakiyar, ita ce ke tare ɓarɓashin da ido da ƙyar yake gani. A murɗa ta tsakiyar zuwa hagu, a ɗago, sai ragar ta biyo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kakkaɓe tarkacen da ke ciki, a ɗauraye da ruwan sanyi, a mayar. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke toshe filta mai laushin saƙa wani siririn maiƙo ne haɗe da sitaci da ke like ramukanta, ba ya fita da ɗauraya. A raba sassan uku, a jiƙa su minti 10 a ruwan zafi da ɗan sabulun wanke-wanke na hannu, sannan a bi su da tsohon buroshin haƙori ciki da waje. Kada a sa soson ƙarfe, yana yaga ragar, kuma raga mai huda ba ta da gyara sai sauyi. In kuna son sanin ko ta wanku, ku ɗaga ta saitin fitila. Haske ya ratsa ko'ina, ta wanku. Inda ya yi duhu ko launin toka, a sake gogewa. Kafin a mayar a ɗauraye sabulun nan sarai, domin ko kaɗan ya rage zai yi kumfa a cikin injin.

Wurin mayarwa ma akwai abin lura. Ragar ta kwanta daram ba tare da gefe ɗaya ya ɗago ba, a murɗa ta tsakiyar zuwa dama har ta kama, alamun kibiya biyu su fuskanci juna in akwai su. Filtar da ba ta zauna ba ta fi mai datti haɗari, saboda ta gefenta tsinke da fasasshen gilashi ke silalewa su isa famfo. Kuma kada a taɓa kunna injin babu filta, ko da na gwaji ne.

Sau nawa? Gidan da ke kunna injin kullum, a leƙa filtar duk mako, a yi mata wankin buroshi aƙalla sau biyu a wata. Gidan da ke yawan girki mai maiƙo ya fi haka. Akwai wasu injina, musamman tsofaffin ƙirar Amurka, da ke da ɗan abin niƙa tarkace a maimakon filtar da ake cirewa. Ana gane su da ƙara, kuma su babu abin murɗewa a gindinsu.

Tunda filta tana waje, ku haska tocila cikin ramin da ta fito. Ganin ɗan ruwa mai tsabta kwance a can ƙasa ba matsala ba ne, da gangan ake barinsa don robobin famfo kada su bushe su tsage. Matsala ita ce ruwa ya hau har ya rufe ragar, ko ya yi duhu yana wari. Idan haka ne, ku zare fulogi daga soket tukuna, ku sa safar hannu mai kauri, ku kwashe ruwan da ƙaramin kofi ku tsane sauran da soso. A gefen ramin, a injina da yawa, akwai ɗan murfin roba da ke ɓoye farfelar famfon zuƙe ruwa. Wani da cokali ake ɓamɓaro shi, wani sukuru ɗaya ke riƙe da shi. Ku juya farfelar da yatsa ko da bayan cokali. Lafiyayya tana juyawa da ɗan tsalle-tsalle saboda maganaɗisun motar, wannan daidai ne. Wadda ta ƙi motsi akwai abin da ya maƙale mata, kuma sau da yawa ɓallin gilashi ne, shi ya sa na ce safar hannu. A cire, a mayar da murfin har ya yi ƙas. Murfin da bai zauna ba shi kansa yana hana famfon jan ruwa.

Hannayen fesa ruwa

Babu motar da ke juya waɗannan hannaye a mafi yawan injina. Ramukan da ke bakinsu an karkata su ne, ƙarfin fitar ruwan ke tura hannun ya zagaya. Don haka rami biyu ko uku na can ƙarshe in suka toshe, hannun yakan rage gudu ko ya tsaya cak, sai ku ga kwanukan kusurwa ɗaya kullum suna fitowa da datti alhali na wani ɓangaren sun yi fes. Wannan alama ce mai kyau ta gane inda cutar take: datti a wuri ɗaya kullum, hannu ne. Ɓarɓashi kamar yashi a bayan kofuna ko'ina, filta ce.

Na ƙasa yawanci ɗaga shi ake yi sama ya fito. Na sama, wanda ke manne a ƙarƙashin kwandon sama, noti na roba ke riƙe da shi, a murɗe. A tsokane kowane rami da tsinken sakace, ba da ƙusa ko allura mai kauri ba, don faɗaɗa ramin yana rage ƙarfin fesawa har abada. Tsokanar kaɗai tana mayar da dattin ciki ne, ruwa na zuwa zai sake turo shi bakin ramin. Saboda haka a ɗura ruwa ta babbar ƙofar tsakiya, a toshe da yatsa, a girgiza, a zazzage ta inda aka ɗura, a maimaita har ƙwayoyin shinkafa da 'ya'yan tumatir da guntun takarda su daina fitowa. Idan farin ɓawo ne ya like ramukan, a jiƙa hannun rabin awa a ruwan ɗumi da ruwan khal. Sau ɗaya a wata biyu ya isa. Abin da ya kamata ya zama ɗabi'a ta kullum kuwa shi ne, bayan an loda kaya kafin a rufe ƙofa, a kaɗa kowane hannu da yatsa a ga ya zagaya ba tare da ya bugi mariƙin tukunya ko cokalin da ya zuro ta ƙasan kwando ba.

Takardar da ke jikin kwalba ta cancanci a ambace ta daban. A ruwan zafi takan saki, ta dagargaje ta zama ɓawo mai danƙo, ta like filta da ramuka a lokaci guda. A ɓare ta kafin kwalbar ta shiga.

Inda wari ke fitowa

Mutum zai wanke filta tas amma ya buɗe ƙofa wari ya buge shi. Dalili shi ne akwai wuraren da ruwan fesawa ba ya kai wa ko kaɗan: gefunan ƙofa da ke wajen robar, da ninkin robar kanta, da kuma leɓen ƙasan ƙofa wurin da take haɗuwa da gindin injin. Duk miya ko madara da ta ɗiga lokacin loda kaya a nan take taruwa ta ruɓe. Ku buɗe ƙofar gaba ɗaya, ku durƙusa, ku zura tsumma mai ɗumi ƙarƙashin leɓen nan daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda bai taɓa yi ba zai sha mamakin baƙin yauƙin da zai fito.

Robar a goge ta da tsumma da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a buɗa ninkin da yatsa a shiga da buroshi. Baƙin ɗigo-ɗigon da ke fitowa a jikinta fumfuna ce. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda ya duba injina 189 na gidaje a ƙasashe daban-daban, ya sami fumfuna a robar ƙofar kashi 62 cikin 100 nasu. Wuri ne mai ɗumi da laima da abinci, dole ta so shi. Maganinta gogewa duk mako da barin ƙofa a ɗan buɗe bayan an kwashe kaya, ko da faɗin yatsu biyu ne, don ciki ya sha iska. Yayin gogewar ku duba ko robar ta tsage ko ta taurare ko ta fita daga hanyarta, domin daga nan yoyon bakin ƙofa ke farawa.

Ƙarnin ƙwai a jikin kofuna da farantai matsala ce ta daban kaɗan. Ragowar ɗanyen ƙwai ko kifi cikin ruwa mara zafi sosai shi ke yaɗa shi a kan komai. Irin waɗannan kwanukan a share su da kyau kafin su shiga, a zaɓi wanki mai zafi.

Maiƙo da farin ɓawo ba maganinsu ɗaya ba

A nan ne shawarwarin da ke yawo suka fi rikita mutane. Datti iri biyu ne ke taruwa a cikin injin, kuma abin da ke narkar da ɗaya ba ya taɓa ɗayan.

Na farko maiƙo. Tsarin da aka rubuta wa Eco yana wanki ne a wajen digiri 50, yana ɗaukar awa uku zuwa huɗu, yana cin wuta da ruwa kaɗan. Tsari ne mai kyau, ni ma shi nake ba da shawara a yi amfani da shi yau da kullum. Sai dai kitsen saniya da na tumaki sai ya haura digiri 40 yake narkewa, wani ma sai kusan 50, don haka a wannan zafin yakan narke ne da ƙyar, ya sake daskarewa a cikin tiyo da ramin ƙasa inda ruwan ya huce. Gajeren tsari na minti 30 ya fi muni a wannan fanni. A hankali hanyar ta ƙuntata, wari ya taso. Maganin maiƙo zafi ne da sabulun injin. Sau ɗaya a wata, bayan an wanke filta, a sa sabulu kamar yadda aka saba, a kunna tsari mafi zafi, digiri 65 ko 70, injin babu kaya. Wanda ke wanke tukwane da wannan tsarin duk mako ya riga ya yi rabin aikin.

Na biyu farin ɓawo, irin wanda ke kwanciya a gindin butar dafa ruwa. Kalsiyam da magnesiyam ne na cikin ruwa, zafi ke sa su kwanta. Yana toshe ramuka, yana lulluɓe hita har ta riƙa wahala kafin ta ɗumama ruwa, ta ci wuta, daga baya ta ƙone. Shi sabulu ba ya cire shi, sai abu mai tsami. Garin sitirik asid, giram 40 zuwa 50, wato kimanin cokali uku na cin abinci, shi ya fi dacewa. A zuba shi a akwatin sabulu a rufe, kada a watsa a gindin injin, domin tsari da yawa suna farawa da zuƙe ruwa da ɗaurayar farko, sai garin ya bi magudana kafin ainihin wankin ya soma. Kada a haɗa shi da sabulu a zagaye ɗaya, suna kashe ƙarfin juna. In babu sitirik, a zuba farin ruwan khal mililita 250 a kwano, a zaunar da shi a kwandon sama bakinsa na kallon sama. Ya fi rauni amma yana aiki a kan ɓawo mara kauri. Duk wata uku ya wadatar a inda ruwa ke da nauyi, wato yake da yawan kalsiyam da magnesiyam, a inda ba shi da nauyi kuwa sau ɗaya ko biyu a shekara.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗura ruwan khal a ma'ajin ruwan ɗauraya, wato sinadarin da ke hana ɗigon ruwa barin tabo a kofuna, a bar shi zaune wata da watanni. Zaman tsami a kan ƙananan robobin ma'ajin yana iya cin su a hankali. Haka kuma haɗa khal da bekin soda a lokaci guda: kumfar da suke yi tana burge ido, amma abin da ya rage bayanta kusan ruwan gishiri ne, ba ya cire maiƙo ba ya cire ɓawo. Bilic kuwa kada ya shiga injin da cikinsa ƙarfe ne mara tsatsa, yana huda ƙarfen da ƙananan ramuka. Haɗa bilic da khal ko sitirik yana fitar da iskar kilorin mai guba, wannan ba abin gwadawa ba ne ko sau ɗaya.

Ruwan wanke injin da ake sayarwa a kwalba yana yin aikin biyu gwargwado. Irin wanda ake kifawa a kwandon cokula, bakinsa a toshe yake da kakin da sai zafi ya kai yake narkewa, don haka in an sa shi a tsari mai sanyi za a tarar da kwalbar cike yadda aka sa ta. Kuma ba ya maye gurbin buroshi. Tsinke da ƙashi da takarda wannan ruwan ba ya narkar da su.

Gishiri da ruwan ɗauraya

Injinan ƙirar Turai kusan duka suna da wani murfi mai murɗawa a gindinsu kusa da filta. Ma'ajin gishiri ne. A ƙarƙashinsa akwai wani gwangwani cike da ƙananan ƙwayoyin rezin, wani irin roba, da ruwan shigowa ke ratsawa. Ƙwayoyin suna kama kalsiyam da magnesiyam su saki sodiyam a madadinsu. In sun cika, injin yakan wanke su da ruwan gishiri su dawo sababbi. Gishirin ba wanke kwanuka yake yi ba, ƙwayoyin yake farfaɗowa. Shi ya sa ake so ya zama na injin, mai manyan ƙwayoyi, tsantsa. Gishirin girki an gauraya shi da abin hana dunƙulewa, ga shi da laushi, yana iya cushe ma'ajin.

Karon farko a fara cika ma'ajin da ruwa, wajen lita ɗaya, sannan a zuba gishiri da mazurari, kilo ɗaya ko fiye kaɗan gwargwadon injin. Ruwa zai malalo, ba komai. Abin da ke da muhimmanci shi ne a share bakin, a murɗa murfin ya kama sosai, a kunna wanki nan take. Ruwan gishirin da aka bari ya kwana a gindin injin shi ke haifar da ɗigon tsatsa a ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa. Don haka a riƙa ƙara gishiri dab da za a kunna injin, ba bayan an gama ba. Kuma kada sabulu ya taɓa shiga wannan ma'ajin, yana lalata rezin ɗin.

Injin bai san nauyin ruwanku ba sai kun gaya masa. Ana auna shi da 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa, ko a tambayi masu samar da ruwan. A ma'aunin Jamus da littattafan injina suka fi amfani da shi, ƙasa da digiri 8.4 ruwa ne mara nauyi, daga nan zuwa 14 matsakaici, sama da 14 mai nauyi. Sai a duba jadawalin littafin a saita lambar da ta dace. Ƙwayar sabulu mai haɗe da komai, wadda ke yin aikin gishiri da na ruwan ɗauraya ma, tana iya riƙe ruwa har wajen digiri 21, sama da haka dole gishiri. A ganina, ko a matsakaicin ruwa gishiri da saiti daidai sun fi dogaro da ƙwayar kaɗai, domin ita sai ta narke take aiki, shi kuwa ma'ajin tun daga bakin shigowa yake tace ruwan.

Ruwan ɗauraya aikinsa ya sa ruwa ya zame daga jikin gilashi a shimfiɗe maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo ya bushe ya bar tabo. Ɗigon fari a kofuna, a ƙara saitinsa da mataki ɗaya. Zane-zane masu shuɗi-shuɗi ko santsi a hannu, ya yi yawa, a rage. Wanda ya zube a wajen ma'ajin lokacin ɗurawa a goge shi, yana kumfa. Kayan roba kuma ko me aka yi sukan fito da laima, domin ba sa riƙe zafin da zai busar da su kamar tangaran da ƙarfe. Wannan ba lalacewar injin ba ce.

Gilashin da ya yi hazo yana da gwaji mai sauƙi. A goga masa tsumma da ruwan khal. In hazon ya tafi, ɓawo ne: gishiri ya ƙare ko saitin ya yi ƙasa. In ya tafi da ruwa zalla kuma yana da ɗanɗanon gishiri, murfin ma'ajin ne bai rufu ba. In ya ƙi tafiya sam, fuskar gilashin ce ta ci, kuma ba ta dawowa. Abin da ke jawo wannan shi ne ruwa mara nauyi ƙwarai, da sabulu mai yawa, da zafi mai tsanani. Mai irin wannan ruwan ya rage sabulu, ya sassauta saitin gishiri.

Sabulu da yadda kaya ke shiga

A kankare ragowar abinci da cokali a zuba a shara, amma ba sai an wanke faranti a famfo kafin ya shiga ba. Sabulun injin yana da sinadaran enzayim masu narkar da sitaci da furotin, an yi shi ne don ya tarar da datti. Injina da yawa kuma suna da ɗan idon lantarki da ke duba duhun ruwan farko, in ya ga ruwan garau sai ya rage zafi da tsawon wanki, tukunyar da ke da ainihin datti ta fito ba ta wanku ba. Bambancin a riƙe shi: tarkace mai jiki ba ya shiga, shafin miya yana shiga.

Garin sabulu yana da fa'idar da ƙwaya ba ta da ita, ana iya rage shi ko ƙara shi. Mililita 20 zuwa 25 ya isa wanki na yau da kullum, akwatin ma yana da layukan awo. Ƙwayar da aka tarar manne a akwati bayan wanki, ko dai akwatin a jiƙe yake lokacin da aka sa ta, ko wani babban tire ya tare murfin ya hana shi buɗewa. A tsane akwatin, a matsar da dogayen kaya daga gaban ƙofa. Sabulun a ajiye shi a rufe inda babu laima, kuma nesa da yara, domin yana ƙona baki da ido.

Sabulun wanke-wanke na hannu in ya shiga bisa kuskure, kumfa za ta cika injin ta fito ta ƙofa, famfo ya kasa jan ruwa. A tsayar da injin, a kwashe kumfar da ruwan, a zuba cokali ɗaya na man girki ya karya sauran, a yi ta kunna ɗauraya da zuƙewa har ta ƙare.

Kwandunan waya ne da aka lulluɓe da roba. Inda robar ta ɓare, musamman kan tsinkayen, tsatsa ke kamawa ta bi ruwa ta ɗiga a cokula. Ana sayar da ƙananan hulunan roba da fenti na musamman don wannan. A goge tsatsar da takardar yashi, a shafa, a bari ya bushe kwana guda. Kayan baƙin ƙarfe da murfin gwangwani da wuƙa mai tsatsa kada su shiga, suna shafa wa sauran. Alminiyam yakan yi baƙi, katako ya tsage.

Tiyo biyun da ke baya

Sau ɗaya a shekara a tuna da su. Na shigowa yana da 'yar raga a bakinsa wurin da ya haɗu da kan famfo, tana tare yashi da tsatsar bututu. Injin da ke daɗewa kafin ya cika, ko yake tsayawa yana nuna alamar famfo, a fara da ita. A rufe ruwa, a kwance tiyon da bokiti a ƙasa, a zaro ragar a hankali da filaya, a wanke, a mayar tare da zoben robarta. Tunda an kwance, a buɗe ruwan cikin bokiti a gani: lita 10 a minti ɗaya shi ne abin da injina da yawa ke bukata. Tiyon da ke da ɗan akwati a bakinsa sau da yawa akwai waya a cikinsa, ba a yanka shi, ba a tsoma akwatin a ruwa.

Na fita kuma dole ya hau sama tukuna, a ɗaure shi can ƙarƙashin teburin kicin, sannan ya sauko ya shiga bututun sinki. In ya kwanta a ƙasa, ruwan dattin sinki yakan koma cikin injin, a wayi gari da ruwa mai wari a gindi alhali an bar shi a bushe. Wurin haɗuwarsa da bututun sinki ma maiƙo yakan toshe shi, a kwance a duba. In sinkin kansa yana jinkirin shanye ruwa, laifin ba na injin ba ne. Bayan an ja injin waje an tura shi ciki, a tabbata tiyon bai lanƙwashe a bayansa ba, kuma injin ya zauna daidai a kan ƙafafunsa, don wanda ya karkata ƙofarsa ba ta kama roba da kyau.

Lambobin da ke fitowa a allo suna taimakawa, sai dai kowane kamfani da nasa. A injinan Bosch da Siemens, alal misali, E24 na nufin ruwa ya kasa fita, E25 famfon zuƙewa ya toshe ko murfinsa bai zauna ba, duka biyun abubuwan da aka bayyana a sama ne. E15 kuwa na nufin ruwa ya taru a farantin da ke can ƙarƙashin injin, ya ɗaga wani ɗan abu mai yawo a kan ruwa, shi ya sa famfo ke ta zuƙa ba ya tsayawa. Karkata injin a zubar da ruwan yana kashe lambar na ɗan lokaci, amma yoyon yana nan. In kumfa ce ta jawo shi, ya wuce ke nan. In ya dawo, a rufe ruwa, a zare fulogi, a kira mai gyara. Haka nan in kaya suna fitowa da sanyi da maiƙo bayan tsari mai zafi, ko ana jin ƙaurin waya, ko injin yana kashe wutar gida. Waɗannan aikin hita ne da lantarki a wurin da ruwa yake, ba na buroshi da tsumma ba.

Idan za a bar gida na makonni, a wanke filta, a yi wanki mai zafi na ƙarshe, a rufe kan famfon da ke ba injin ruwa, a bar ƙofar a ɗan buɗe. Da an dawo a fara kunna gajeren tsari babu kaya, ruwan da ya daɗe zaune a tiyo da ramin ƙasa ya fita kafin a loda kwanuka.